Babi na Shida: Wa Ya Cancanci Gurbi a Nazarin Fim?

Karatu iri biyu ne jama'a kan haɗa a baki ɗaya su ce karatun fim, alhali kowanne da inda ya dosa. Akwai koyon shirya fim, wato riƙon kyamara, da saita fitilu, da ɗaukar sauti, da rubuta labari, da ba da umarni, da tace hoto a kwamfuta. Akwai kuma nazarin fim, inda ake ɗaukar fim ɗin da aka riga aka gama a bi diddiginsa: wa ya yi shi, da kuɗin wa, don su wa, ta wace hanya ya isa ga masu kallo, kuma me suka tsinta a cikinsa. Wanda ya koyi na farko, lokeshan ne wurin neman abincinsa. Wanda ya bi na biyu har ya kai digiri na uku, galibi aji da ɗakin karatu ne makomarsa, wato malanta a jami'a. A kan na biyun wannan babi ya tsaya, kuma magana ɗaya nake son kafawa. Abin da ke mayar da ɗalibi masanin fim shi ne iya ƙulla tambayar da za ta amsu, da iya amsa ta a rubuce da hujja daga cikin fina-finan kansu. Duk sharaɗin ɗaukar ɗalibi da ya auna wannan, ya yi aikinsa. Wanda bai auna shi ba kuwa, komai tsaurinsa, zai riƙa tsare waɗanda suka cancanta a bakin ƙofa, yana shigo da waɗanda takarda kaɗai suka mallaka.

Tarihin fannin ne shaida ta farko. Makarantun koyon shirya fim sun daɗe: ta Mosko an buɗe ta a 1919, Jami'ar Kudancin Kalifoniya kuma ta fara koyar da fim a 1929. Amma nazarin fim a matsayin fannin ilimi mai sashensa da furofesoshinsa bai kankama ba sai a shekarun 1960 da 1970, kuma masu alƙalami ne suka share masa fage. André Bazin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar Cahiers du cinéma a Faransa a 1951, da sharhi ya yi suna, kuma har yau ana karanta rubuce-rubucensa a ajin farko na wannan fanni. Da jami'o'in Amurka da Birtaniya suka tashi buɗe sassan fim, daga sassan adabi da tarihin zane-zane da falsafa da harsuna suka ɗebo malamai, don a lokacin babu masu digirin fim da za a ɗauka. Maƙalar da Laura Mulvey ta buga a mujallar Screen a 1975, a kan yadda fina-finan Hollywood ke ajiye mace a matsayin abin kallo, shafuka kaɗan ce, amma ta sauya alƙiblar fannin. Littafin Film Art na David Bordwell da Kristin Thompson, wanda ya fara fitowa a 1979, ya koya wa ɗalibai marasa adadi yadda ake warware fim hoto bayan hoto. Duk waɗannan mutane kallon tsanaki da rubutu mai hujja suka shigo da shi.

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a ga haka. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, kuma waɗanda suka fara ɗaukar wannan harka da muhimmanci a jami'a kusan duk baƙi ne a fannin fim. Farfesa Abdalla Uba Adamu malamin koyar da kimiyya ne, a nan ya zama farfesa a Jami'ar Bayero a 1997, sai a 2012 ya sami kujerar farfesa ta biyu a fannin kafofin watsa labarai da al'adu. Littafin Hausa Home Videos na 2004, wanda ya tattara maƙalun taron da aka yi a Kano a 2003, shi ya tace shi tare da Yusuf Adamu, masanin labarin ƙasa, da Umar Faruk Jibril na sashen aikin jarida. Brian Larkin daga fannin nazarin al'ummomi ya fito. Matthias Krings na Jami'ar Mainz ma haka. Carmen McCain, wadda 'yan fim suka fi sani da Talatu, a sashen harsuna da adabin Afirka na Jami'ar Wisconsin ta yi digirinta na uku. Da a ce tun farko an ɗaura sharaɗin sai mai digirin farko a fim zai taɓa fim, da babu ko ɗaya a cikinsu da zai wuce. Abin da ya haɗa su tambaya ce. Larkin ya tambayi abin da ya sa Bahaushe Musulmi ya rungumi fim ɗin Indiya fiye da na Amurka, ya bi amsar ta gidajen siliman Kano da littattafan soyayya, ya nuna a maƙalarsa ta 1997 cewa rikicin so da biyayyar iyaye da auren dole da ke cikin fina-finan Indiya rikici ne da mai kallo a Kano ya san shi a gida.

To me ƙofa take tambaya a wuraren da fannin ya yi jijiya? A Amurka, mai neman digiri na uku kan aika da abubuwa huɗu masu nauyi: takardar makin duk darussan da ya yi, da wasiƙu uku daga malaman da suka san aikinsa, da bayanin abin da yake son bincika da dalilin zaɓen wannan sashe, da samfurin rubutunsa na ilimi, galibi shafi 15 zuwa 25. Wanda bai tashi da Ingilishi ba akan nemi sakamakon jarrabawar Ingilishi ta TOEFL ko IELTS. Jarrabawar GRE, wadda a da kusan dole ce, sassa da yawa sun sauke ta tun wajen 2020, amma samfurin rubutu yana nan daram, don shi ne kaɗai takardar da ke nuna yadda kan mutum yake aiki. Manyan sassa kan ɗauki ɗalibai ƙalilan a shekara, su ɗauke masu kuɗin makaranta, su ba su alawus na kimanin shekara biyar, su kuma su taya koyarwa. A Birtaniya, tsarin bincike da samun malamin da zai duba aikin su ne kan gaba, karatun kuma shekara uku zuwa huɗu ne. A Jamus, mafi yawan masu digiri na uku da neman farfesan da zai karɓe su suke farawa, kuma da rubutaccen tsarin bincike ake shawo kansa, da shi kuma ake neman tallafin karatu na hukumar DAAD. Hanyoyin sun bambanta, amma a duka ukun akwai wani malami da zai zauna ya karanta abin da ɗalibin ya rubuta da hannunsa kafin a ce masa ya zo.

A jami'o'in Nijeriya nauyin yana wani wuri dabam. Mai neman digiri na biyu zai kawo kiredit biyar na sakandare har da Ingilishi, da digirin farko mai daraja ta biyu, ko da ta ƙasa ce, a fannin ko wanda ya danganci fannin, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da takardar maki daga tsohuwar jami'arsa, da sunayen waɗanda za su shaide shi. Mai daraja ta uku ko babbar difiloma akan tura shi ya fara yin difilomar gaba da digiri. A digiri na uku akan nemi matsakaicin makin digiri na biyu ya kai wani mizani, sau da yawa 3.5 cikin 5. Gaskiya ne sassa da dama kan yi jarrabawar shiga ko ganawa, kuma akan nemi tsarin bincike a matakin dakta. Amma tankaɗen farko na lambobi da takardu ne, kuma da wuya a tarar an nemi cikakken rubutun da ɗalibi ya taɓa yi a kan wani fim. Sakamakon haka, ɗalibar da ta karanta Hausa ko tarihi ko Larabci, wadda ta haddace fina-finan shekara ashirin kuma ta iya rubutu, za a iya sallamarta da cewa fanninta bai dace ba, a ɗauki wanda makinsa ya cika amma bai taɓa zama da fim ɗaya ya kalle shi sau biyar da biro a hannu ba.

A ɗauki misalin tsarin bincike guda biyu a kan teburin kwamiti. Na farko ya ce zai binciki tasirin fina-finan Hausa ga tarbiyyar matasa, zai raba takardun tambayoyi a wasu unguwanni, ya ƙirga masu cewa e da masu cewa a'a. Duk malamin da ya daɗe yana duba kundi ya ga irin wannan take har ya gaji. Babu sunan fim ko ɗaya a cikinsa, kuma amsar tana aljihun ɗalibin tun kafin ya fita, don ya riga ya yanke cewa fim na ɓata tarbiyya ko yana gyara ta. Na biyu ya ce zai ɗauki fitowar waƙa a fina-finai goma sha biyu, shida kafin kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, shida bayanta, ya duba tazarar da ke tsakanin jarumi da jaruma a cikin hoto, da irin suturar da suka sa, da inda aka girke kyamara, da tsawon kowane hoto kafin a yanke, sannan ya zauna da daraktoci da editoci ya ji ko doka ce ta sauya hannunsu, ko kasuwa, ko sabon kayan aiki. Ya kuma faɗi inda zai samo kaset-kaset ɗin. Wannan ɗalibi bai san amsar ba tukuna, kuma abin da zai gano zai iya ƙaryata zatonsa. Mai yiwuwa makin ɗaliban biyu ɗaya ne. Takardar maki ba za ta taɓa bambanta su ba, amma shafi biyu na rubutu sun isa.

Dalilin da ya sa wannan bambanci yake da nauyi shi ne irin aikin da ke jiran mutum bayan digiri. Matakan malanta a jami'ar Nijeriya sanannu ne: mataimakin malami mai digirin farko, mataimakin lakcara mai digiri na biyu, lakcara na biyu inda mai digiri na uku kan fara, lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Tsakanin mataki da mataki akan yi aƙalla shekara uku, kuma tun daga tsakiyar tsanin, maƙalun da aka buga a mujallun ilimi da littattafai su ake ƙirgawa. A manyan matakai biyu na ƙarshe, ayyukan mutum ake tattarawa a aika wa furofesoshin wasu jami'o'i su auna. A manyan jami'o'in bincike na Amurka, sabon malami yana da kimanin shekara shida ya fitar da littafi, in ba haka ba ya rasa kujerar dindindin. Ke nan wanda ya shiga wannan hanya ya ɗauki alkawarin rubutu na shekara talatin ko fiye. Ɗaukar ɗalibi ba tare da an ga rubutunsa ba cutarwa ce gare shi kafin kowa, don sai ya ɓata shekaru da kuɗi kafin ya gane aikin ba nasa ba ne, ko kuma ya koma biyan mujallun da ke buga komai muddin an tura kuɗi.

Wannan ra'ayi nawa bai rasa masu ƙorafi ba. Ƙorafi na farko daga 'yan fim yake fitowa, kuma yana da ƙarfi: ta yaya wanda bai taɓa kwana a lokeshan ba zai tsaya gaban aji yana fassara aikin darakta? Amsar tana da fuska biyu. Ba a taɓa cewa sai wanda ya rubuta littafi kamar Magana Jari Ce zai koyar da Abubakar Imam ba, don ƙirƙira dabam, nazari dabam. Amma ƙorafin ya yi gaskiya a wuri ɗaya: manazarcin da bai san yadda ake haɗa hoto ba makaho ne a fanninsa. Gwajin da ake dangantawa da Lev Kuleshov, malami a makarantar Mosko, ya nuna dalili. Ya ɗauki hoto ɗaya na fuskar jarumi, ya jera shi sau ɗaya da kwanon miya, sau ɗaya da akwatin gawa, sau ɗaya da wata mace, masu kallo suka ga yunwa da baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta sauya ba. Wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta sharhin labari da kalaman 'yan wasa kamar littafi yake karantawa, ya bar fim ɗin kansa ba a taɓa ba, kuma wannan ita ce cutar kundaye da yawa. Maganin shi ne a wajabta wa ɗalibin nazari darasi ko biyu a ɗakin tace hoto, a kuma nemi samfurin rubutunsa ya ƙunshi warware fitowa guda, hoto da sauti. Wannan ƙarin ƙarfi ne ga sharaɗin rubutu.

Ƙorafi na biyu ya ce tsarin gaba ɗaya yana rufe ƙofa ga ƙwararrun da suka yi shekara da shekaru a masana'anta ba tare da digiri ba. Haka ne, kuma asara ce. Oumarou Ganda na Nijar tsohon soja ne da ya yi dako a tashar jirgin ruwan Abijan kafin ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch, kuma shi ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Babu jami'ar da za ta yi asara in irinsa ya tsaya gaban ɗalibanta. Chinua Achebe da Wole Soyinka sun zama furofesoshi ba tare da sun yi karatun digiri na uku ba, ayyukansu aka auna. Amma maganin wannan shi ne a buɗe ƙofa ta biyu mai nata ma'auni. A Amurka akwai digirin MFA, wanda ake ɗauka a matsayin matakin ƙarshe ga mai koyar da aikin hannu, kuma da fina-finan da mutum ya yi ake shigarsa. A Birtaniya akwai digiri na uku da ake yi da fim haɗe da rubutaccen sharhi. A gida, Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, wadda aka kafa a 1995 kuma take ba da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, tana kan wannan hanya. A auna darakta da fim ɗinsa, a auna manazarci da rubutunsa, a zaunar da su a sashe ɗaya. Abin da bai dace ba shi ne a auna su duka biyun da makin da suka ci suna 'yan shekara ashirin da biyu.

Ƙorafi na uku shi ne mafi wuyar amsawa. Maki lamba ce, ba ta san ɗan wane ba, alhali karanta rubutu hukunci ne na mutum, kuma inda hukuncin mutum ya shiga, alfarma da son kai kan biyo baya. Ga kuma masu sayar da kundi a bakin makaranta, ga manhajojin da ke rubuta wa mutum maƙala cikin minti ɗaya. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ban ce a jefar da maki ba. A bar shi ya zama shaidar cewa mutum ya iya jure karatu, amma a sassauta batun fannin da ya fito. Rubutun kuma a cire masa suna, malamai biyu su karanta kowa shi kaɗai. Sannan a ranar ganawa a nuna wa duk masu nema fitowa ɗaya ta minti uku, a maimaita ta sau biyu, a ba su takarda da awa guda su rubuta abin da suka gani da abin da suka fahimta. Wanda aka rubuta wa samfurinsa, a nan asirinsa zai tonu. Wannan bai fi ƙarfin kowane sashe ba, majigi ɗaya da ɗaki ɗaya ne.

Saura batun harshe da batun aiki. Ingilishi ne harshen mafi yawan mujallun fannin, kuma duk mai son a ji shi a waje sai ya ƙware a rubuta shi, babu makawa. Amma jarin ɗalibi Bahaushe shi ne abin da baƙo kan shekara yana nema: yana jin habaici da zambo da karin harshen Sakkwato a bakin ɗan wasa, ya san abin da ya sa 'yan kallo suka yi dariya a fassarar fim ɗin Indiya, yana iya zama da tsohon ɗan kasuwar kaset a Ƙofar Wambai ta Kano su yi hira ba tafinta. Sassan Hausa kuma suna karɓar kundi da Hausa. Game da aiki, kada a ruɗi kowa. A Amurka mafi yawan masu koyarwa a manyan makarantu ba su da kujerar dindindin, kuma masu digiri na uku sun fi guraben yawa. A Nijeriya albashi bai taka kara ya karya ba, yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Sai dai a 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba kwas ɗin aikin jarida gida bakwai, fim na ɗaya daga ciki, kuma duk jami'ar da ta buɗe wannan kwas sai ta nemo masu koyar da shi. Waɗanda ake ɗauka a digiri na biyu da na uku a yanzu su ne za su riƙe waɗannan sassa, su kuma horar da na bayansu.

Ga mai niyyar shiga, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yana ajin ƙarshe na digirin farko ya zaɓi fina-finai kaɗan da zai iya samu a hannu, ya mayar da kundinsa na kammalawa samfurin da zai nuna, ya karanta abin da aka riga aka rubuta don kada ya maimaita, ya kuma nemi malamin da bincikensa ya yi kusa da nasa kafin ya sayi fom. Akwai kuma dalilin gaggawa. Fina-finan Hausa na shekarun 1990 a kaset ɗin bidiyo aka sayar da su, daga baya aka koma faifan CD, yanzu kuma kallo ya koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, na'urar kunna shi ta yi wuyar samu, waɗanda suka shirya fina-finan farko kuma suna manyanta. Ɗalibin da ya zo da tambaya mai kyau, da jerin kaset ɗin da ya gano inda suke, da sunayen dattawan da suka yarda su yi magana da shi, ya kawo wa sashe abin da babu shi a kowane ɗakin karatu. Kwamitin da ya mayar da shi gida saboda digirinsa na farko a tarihi ne ko a Hausa, ya san cewa aikin da ya hana ba lalle ne a iya yinsa bayan shekara goma ba.